Fayilolin Kawu sun ƙi buɗuwa, wa ya san kansu?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Taimako nake nema. Kawuna, yayan mahaifiyata, Allah ya yi masa rasuwa bara a nan Gusau. Satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakinsa na ci karo da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai sidi guda ɗaya da ƙananan faya-fayan nan na da, filofi, sun fi ashirin, an ɗaure su da roba har robar ta narke ta manne a jikinsu. Sidin ya buɗe. Fayil biyar ne a ciki, kuma sunayensu a juye suke: mod.gida, mod.damina, mod.kasuwa, mod.dare, mod.farko. Babu wanda ya kai kilobayit 120 a cikinsu. Kwamfuta ta ce ba ta san da me za ta buɗe su ba. Kawu ya yi karatu a Jamus a ƙarshen shekarun 1980, idan wannan zai taimaka.

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Jama'a, ga ɗan'uwanku.

Mai Kyamara: Allah ya gafarta masa. Ƙanena, wannan ai aikina ne. MOD bidiyo ne. Kyamarorin JVC da wasu na Panasonic da muka riƙa ɗaukar biki da suna da su, haka suke ajiye hoto. Ka mayar da ƙarshen sunan .mpg kawai, zai tashi. Ina da irinsu cike da faifai.

'Yar Mafara: Yaya Mai Kyamara, bidiyon kilobayit 120 kuwa? Ko ƙiftawar ido ba zai kai ba. Sannan na kyamara a ƙarshen suna MOD ɗin yake zuwa, wannan a farko yake.

Mai Kyamara: Wataƙila yankewa suka yi wurin kwafa.

Mai Gyaran Waya: Kafin kowa ya ce komai, ka kwafe su wuri biyu, filas ɗaya da kwamfuta ɗaya, ka mayar da sidin nan cikin gidansa. Tsohon sidi yau ya buɗe, gobe ya ƙi. A kan kwafin za ka riƙa gwaji. Kuma ka bi su da manhajar kashe bairos, ban yarda da fayil mai juyayyen suna ba.

'Yar Mafara: Wannan shawara ce. Bayan ka kwafa, sauko da HxD, kyauta ce kuma ƙarama. Ba ta kunna komai, cikin fayil kawai take nuna maka, lamba-lamba a hagu, haruffa a dama. Idan bidiyon Yaya ne, za ka ga ya fara da 00 00 01 BA. Idan wani abu ne daban, shi da kansa zai faɗa mana.

Ɗan Tudun Wada: Na yi. Na buɗe mod.gida. Babu 00 00 01 BA. A dama kalmar farko "gida" ce, sai ɗige-ɗige, sai wasu sunaye da suka fara da "st-01:", sai kuma na ga "kalangu1", "kalangu2", "ganga", "tafi". Wallahi da na ga kalangu sai da tsigar jikina ta tashi.

Malamin Ƙaura: Alhamdu lillahi. Yaro, dakata nan, kada ka taɓa komi. Wanga ba bidiyo ba ne, ba kuma bairos ba ne. Kiɗi ne, kuma Kawunka ne ya tsara shi da hannunai.

Akwai wata kwamfuta da kamfanin Commodore ya fitar a 1985, sunanta Amiga. Ƙaramar, Amiga 500, ta fito a 1987, kuma ta samu karɓuwa ƙwarai a Jamus da Ingila. Cikinta akwai wani ɗan guntu na sauti da anka sa wa suna Paula, murya huɗu yake iya fitarwa a lokaci guda, ba ƙari. A wagga shekara ta 1987 wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya rubuta manhajar tsara kiɗi mai suna Ultimate Soundtracker. Daga ita wanga tsari na MOD ya samo asali. Masu Amiga a gaban suna suke sa nau'in fayil, shi ya sa ka ga mod ɗin a farko. "st-01" kuwa sunan faifan sautukan da ke tafe da manhajar ne. Su kalangu da ganga ba su cikin faifan Bajamushe, Kawu ne ya ɗauko su, mai yiwuwa daga kaset ɗin da ya tafi da shi, ta wata 'yar na'ura da ake jonawa a kafar firinta.

Yanzu ka je bayit na 1080. HxD da nata ƙidayar take nuna wuri, don haka 438 za ka nema. Faɗa mana mi ka gani.

Ɗan Tudun Wada: Malam, na ga M.K. A gida, damina, kasuwa da dare duk akwai. A mod.farko babu, wasu lambobi ne kawai a wurin.

Malamin Ƙaura: Madalla. Waɗanga haruffa huɗu su ne hatimin fayil. Masu hatimin, ka juya sunansu a kan kwafi, gida.mod, ka ba manhajar kunna sauti ta VLC. Shi na farkon bar shi tukuna.

Ɗan Tudun Wada: Sun tashi! Jama'a sun tashi. Sautin siriri ne, da ɗan shuu a bayansa kamar rediyo da daddare, amma ganga ce sosai, da tafi, da wani abu kamar sarewa a sama. Na saurari gida.mod sau huɗu ban motsa ba. Ban taɓa sanin Kawu da kiɗa ba, mutum ne mai shiru, daga aiki sai masallaci.

Shi mod.farko na juya sunansa shi ma. Manhajar da ke wayata ta ce fayil ɗin ya lalace. Wata kuma ta kunna shi amma ƙara kawai take yi kamar injin niƙa.

Mai Kyamara: To na janye maganar bidiyo, Malam ya fi ni gaskiya. Amma wannan na biyar ɗin ya mutu. Huɗu suna da hatimi, ɗaya ba shi da shi, ai a fili take. Sidi ya ci zafin Gusau shekara da shekaru. Ka gode Allah da huɗun.

Mai Gyaran Waya: Irin kiɗan nan na san shi fa. Duk wanda ya zauna a shagon kwamfuta wajen 2005 ya ji shi yana tashi daga ƙananan manhajojin nan masu fitar da lambar lasisi. Ashe iri ɗaya ne?

Malamin Ƙaura: Dangi ne. Mafi yawan waɗancan XM ne, tsarin FastTracker 2 na 1994. Akwai S3M na Scream Tracker 3, shi ma 1994, akwai IT na Impulse Tracker. Duk jikokin MOD ne. Kowa da hatiminai: XM yana farawa da "Extended Module", IT da "IMPM", S3M yana da "SCRM" a bayit na 44. In ka ga PP20 a farkon fayil, matse shi anka yi da PowerPacker. Yaro, mod.farko da mi ya fara?

Ɗan Tudun Wada: Da "farko" ya fara, Malam, kamar sauran.

'Yar Mafara: To ni ban yarda ya mutu ba. Ku ba ni dama in yi lissafi a fili, wanda ya ga kuskure ya gyara min.

Me ya sa hatimin yake a 1080 cif? Sunan kiɗa yana cin bayit 20. Sai gurbin sautuka guda 31, kowane bayit 30, wato 930. An kai 950. Sai bayit biyu, na farko yana faɗin tsawon kiɗan. Sai bayit 128 na jerin shafukan rubutun kiɗa da za a bi. 950 da 2 da 128, 1080 ke nan. Sai hatimi, sai shafuka su fara a 1084.

Amma tsarin Obarski na asali gurbi 15 gare shi, ba 31 ba, kuma ba shi da hatimi ko kaɗan, domin lokacin babu wani tsari da za a bambanta shi da shi. Idan haka ne, 20 da 450 ya ba mu 470, a nan tsawon kiɗa zai kasance. Jerin shafuka ya fara a 472, shafin farko ya fara a 600. Manhajar da ta je 1080 neman hatimi za ta faɗa tsakiyar shafi ne, ta ga abin da ba ta gane ba, ta ce ya lalace. Kuma fa sunansa "farko".

Yaya Ɗan Tudun Wada, je 1D6 a HxD, shi ne 470. Karanto mana abin da ke wurin, sannan ka faɗa mana girman fayil ɗin daidai, bayit nawa.

Ɗan Tudun Wada: 0F 78, sai 00 01 02 00 01 02 03 04 05 06 07 08 03 04 05, daga nan sifili ne har ƙasa. Girma 51,046.

'Yar Mafara: Allahu akbar. 0F shi ne 15 a ƙidayarmu, kuma ku ƙirga lambobin da ya karanto, 15 ne. Mafi girma a cikinsu 08, an fara daga sifili, shafi tara ke nan. Kowane shafi jere 64 ne, kowane jere murya huɗu, kowace murya bayit huɗu, 1024. Tara sau 1024, 9,216. A haɗa da 600, 9,816. Abin da ya rage, 41,230, dole ya zama sautukan ne. Yanzu a kowane gurbi, bayan haruffa 22 na suna, akwai bayit biyu na tsawo. Ka ninka kowane sau biyu, domin bibbiyu ake ƙirga su, ka haɗa.

Ɗan Tudun Wada: Ƙanwata na ruɗe. Na kalangu1 an rubuta 0A F0. HxD ta nuna min 61,450 a gefe, in na ninka ya fi fayil ɗin duka girma.

'Yar Mafara: Ta baya ta karanta. Kwamfutocinmu masu Intel ƙaramar lamba suke fara rubutawa, Amiga kuwa Motorola 68000 ne a cikinta, babbar yake farawa da ita. Karanta shi yadda ka gan shi, 0AF0, 2,800 ne. Sau biyu, 5,600.

Ɗan Tudun Wada: Na gane. Gurbi shida ne masu sauti, sauran sifili. Na haɗa sau biyu da kalkuleta. 41,230.

'Yar Mafara: Ko bayit ɗaya bai ɓata ba. Yaya Mai Kyamara, kana ina?

Mai Kyamara: Ina nan, ƙanwata, na sara miki. Sau biyu ke nan yau.

Malamin Ƙaura: Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Yaro, nemi OpenMPT, kyauta ce, ta san tsohon tsarin ga. Kuma ba ji kaɗai za ka yi ba, za ka ga rubutun yana gangarowa, layi huɗu, kamar mai karanta allo.

Ɗan Tudun Wada: Ya tashi, Malam. Minti ɗaya da daƙiƙa 55. Ya fi sauran sauƙi, kalangu da ganga ne kawai sai wata murya mai kauri a ƙasa. Na tura wa zaure ɗaukar duka biyar ɗin da na yi da waya.

'Yar Mafara: Lokacin ma ya yi daidai. Kowane jere bugu shida ne na agogon da ke bugawa sau 50 a daƙiƙa, shafi guda daƙiƙa 7.68, sau 15 ya ba da 115. Abu ɗaya ne ban gane ba. Me ya sa jerin yake tafiya uku-uku? 0 1 2, 3 4 5, 6 7 8, bai taɓa raba su ba. Fayilolin Turawa da na buɗe a The Mod Archive, rumbun irin wannan kiɗan a intanet, ba haka suke ba, shafi ɗaya ake maimaitawa yadda aka ga dama.

Jikan Makaɗa: Tun ɗazu ina karatu ban sa baki ba, don lissafinku ya fi ƙarfina. Amma wannan tambayar tawa ce. Ni ɗan Maradun ne, a gidan kiɗa na tashi. Na saurara ina buga cinya. Wannan kiɗan a kan sha biyu yake zagayowa, kamar da yawa daga cikin namu, ƙafa uku-uku. Ke kin ce shafi jere 64 ne. Raba 64 da 12 ki gani.

'Yar Mafara: Biyar, saura huɗu.

Jikan Makaɗa: To da ya maimaita shafi ɗaya, duk zagaye sai kiɗan ya yi tuntuɓe. Shafi uku fa?

'Yar Mafara: 192. Sau 16 cif, ba saura! Yaya, ka warware ta.

Jikan Makaɗa: Ba ni na warware ba, marigayi ne. An ba shi awo na huɗu-huɗu, kunnensa kuma na gida ne, sai ya bar kiɗan ya tsallaka daga shafi zuwa shafi har ya dawo daidai a na uku. Wannan mutum ya zauna kusa da makaɗa yana yaro, ko da bai faɗa wa kowa ba.

Malamin Ƙaura: Manhajojin da sunka biyo baya, irin su ProTracker ta 1990, suna da umarnin D mai yanke shafi inda kake so. Yaro, duba gida.mod, ko akwai D00?

Ɗan Tudun Wada: Akwai, a jere na 47 na kowane shafi.

Malamin Ƙaura: Ƙirga daga sifili, jere 48 ke nan, sha biyu sau huɗu. Da ya samu wuƙa sai ya yanka daidai wuya.

Jikan Makaɗa: Sai dai zan faɗi wata magana, kada ɗan'uwa ya ji haushi. Ganga ta fito, tafi ya fito. Kalangun bai fito ba. Kalangu a hammata yake, kana matse tsirkiya fata tana ɗaurewa, murya tana hawa tana sauka cikin bugu ɗaya, da haka yake kiran sunan mutum. Wannan na ji shi yana hawa kamar tsani, kuma in ya hau sai ya gajarce ya zama kamar na wasan yara.

Malamin Ƙaura: Kunnenka bai yi ƙarya ba, kuma ga dalili. Bugu ɗaya anka ɗauka. Don a ɗaga murya, Paula sauri kawai take ƙara wa sautin, kamar kaset in an ja shi da gudu. Lambar sauri 428 tana fitar da shi a kusan guntun sauti 8,287 a daƙiƙa, 214 ta ninka saurin, murya ta hau amma tsawon ya rabe biyu. Sai dai kar ka yanke hukunci da mod.farko. Tsohuwar manhajar umarni biyu gare ta kacal, kuma lambar 1 a wurinta karkarwar murya ce, alhali a na baya lambar 1 jan murya sama ce. Manhajar yau sai ta yi hasashen wace anka nufa, in ta kuskure ka ji abin da mai shi bai rubuta ba. Saurari dare.mod, can ya samu umarni na 3, mai jan murya a hankali daga wagga zuwa waccan.

Jikan Makaɗa: Na saurara, Malam. Ya fi. Wajen tsakiya akwai inda ya sauko da murya sannan ya ɗaga, na ji kamar zai yi magana. Amma ina nan kan bakana, kusa ya kai, bai kai ba.

'Yar Mafara: Ni kuwa da murya huɗu da ƙwaƙwalwar kilobayit 512 da Amiga 500 take zuwa da ita, kusan nan ya ishe ni.

Jikan Makaɗa: Ya ishe ki don ba ki riƙe kalangu ba, ƙanwata.

Mai Kyamara: To tunda an gama, ka turo min su in mayar maka MP3, ka raba wa dangi a WhatsApp. Waɗannan mod ɗin da ba mai iya buɗewa sai da malamai uku, ka share su ka huta.

Malamin Ƙaura: MP3 a yi, ba laifi, don tsofaffi su ji a waya. Sharewa ce ban yarda da ita ba ko kaɗan. MP3 abin da kunne ya ji ne kawai. Cikin mod akwai kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya, akwai rubutun wane bugu ya zo bayan wane. Da MP3 anka ba mu yau, wa zai ga uku-ukun ga? Wa zai ga D00? Kuma minti biyun ga in ka mai da shi MP3 na kilobit 128 a daƙiƙa ya haura megabayit ɗaya da rabi, ya ninka na asali fiye da sau talatin, ga shi ya zubar da rabin abin da ke ciki. Wurin mi kake tsimi?

Mai Kyamara: Malam, ni tsorona shekara ashirin nan gaba. Yau akwai ku. Jikokinsa fa?

'Yar Mafara: Shi ya sa za a ajiye duka biyun, da 'yar takarda a gefe mai bayanin yadda ake buɗewa. Ni zan rubuta ta da Hausa. Tsarin a bayyane yake, yau da kalkuleta muka karanta shi.

Ɗan Tudun Wada: Ku dakata. Jama'a ku dakata. Na buɗe jerin sautukan gida.mod a OpenMPT. Takwas ne masu sauti. Sauran guraben ba sauti, amma akwai rubutu a wurin suna. Ga shi yadda yake, layi-layi:

sanyi ya yi yawa nan
damina ta sauka can?
ina gaida inna da iya
a gaida yar auta

'Yar auta mahaifiyata ce.

Shugaban Zaure: Allahu akbar. Allah ya kai rahama kabarinsa.

Malamin Ƙaura: Amin. Al'adar masu wanga kiɗi ce, da yake ba a tanadi wurin saƙo ba, sai su rubuta gaisuwa a guraben da ba su yi amfani da su ba, harafi 22 kowane layi. Shi ya gaida nashi. Ka duba sauran ukun ma.

Mai Kyamara: Kada ka share komai. Na janye.

'Yar Mafara: Yaya, ina so in ce a ɗora su a The Mod Archive don kada su ɓata, amma yanzu ba zan ce ba sai Mama ta yarda. Kuma in za ka kunna mata, kada ka sa mata abin kunne. Amiga murya ta ɗaya da ta huɗu a hagu take fitar da su, ta biyu da ta uku a dama, rabe sarai, yana gajiyar da kai. Sa mata a sifika.

Ɗan Tudun Wada: Na dawo. Bayan isha'i na kai mata kwamfutar ɗaki. Na kunna gida.mod, ba ta ce komai ba har ya ƙare. Sai ta ce in sake. A na biyu ta fara taɓa tabarma da yatsa daidai da gangar. Ta ce kiɗan da ake yi a ƙofar gidan kakanmu ne ranar sallah, Kawu yakan tsere daga makarantar allo ya je ya tsaya, ya dawo a yi masa bulala. Da na karanta mata layukan sai ta rufe fuska da mayafi. Maganar ɗorawa a intanet ta ce a bari tukuna, sai ta yi shawara da matarsa.

Malam, saura filofin nan. Akwai mai tsohuwar kwamfuta a Sabon Gari mai ramin filofi, in kai masa?

Malamin Ƙaura: A'a. In na Amiga ne, kilobayit 880 suke ɗauka, kuma rubutunsu ba irin na kwamfutocinmu ba ne. Windows za ta ce faifan ba komi a kai, ta tambaye ka ko ta tsara shi sabo, hannu ɗaya in ya kuskure an shafe. Akwai 'yar na'ura mai suna Greaseweazle da ake jonawa tsakanin USB da injin filofi, ita ke karanta su. Kafin a same ta, cire narkakkiyar robar a hankali, jera su tsaye cikin kwali, nesa da sifika da rana da ƙurar hunturu. Akwai rubutu a bayansu?

Ɗan Tudun Wada: Akwai, da biro. Uku an rubuta st-01, st-02, st-03. Guda bakwai an rubuta "nawa", da lamba ɗaya zuwa bakwai.

Jikan Makaɗa: Bakwai ɗin nan, ranar da za a buɗe su a kira ni, ko daga Maradun ne zan shigo mota.